Masana'anta mai sarrafa kanta: me take nema kafin ta zauna a Sakkwato?

Tanderun siminti ba ya barci. Wani ƙaton bututun ƙarfe ne a kwance, ɗan a karkace, yana juyawa sannu-sannu dare da rana. Garin dutsen farar ƙasa na gangarawa cikinsa har ya isa inda zafi ya kai wajen digiri 1,450, ya ƙone ya dunƙule ya zama abin da ake kira kilinka, wadda ake niƙawa da ɗan jifsam a zuba a buhu. Ba mahalukin da zai leƙa cikin wannan wuta ya ce ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Na'urorin auna zafi da na auna iska da na auna nauyin gari su ke gani a madadin mutum, su aika wa kwamfuta, ita kuma ta ƙara mai ko ta rage, ta sauya gudun fanka, duk kafin ƙiftawar ido. Mutum yana can wani ɗaki mai sanyi, gaban alluna, yana bin lambobi da kallo.

Haka ake ƙona siminti a duk masana'antar zamani, kuma ba sai mun je Jamus ko Japan mun gani ba. A Kalambaina, cikin ƙaramar hukumar Wamakko, aka kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, ya fara fitar da kaya a 1967. A 2018 aka buɗe sabon layi na BUA mai tan miliyan 1.5 a shekara, a Janairun 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wani mai tan miliyan 3. Daga can a gangaro zuwa kamfanonin casar shinkafa masu na'urar tsince, wadda ke duba kowace ƙwaya da kamara tana hure baƙa da tsakuwa gefe guda da iska, har zuwa injin ruwan leda da ke cikawa ya liƙe ya yanke ba da hannun kowa ba. Ke nan maganar ko inji mai sarrafa kansa zai zo Sakkwato ta riga ta wuce. Ya zo. Abin da ya rage shi ne a san me yake nema kafin ya zauna, domin sayensa shi ne mafi sauƙi a cikin duk abin da ke tattare da shi.

Sarrafa inji ba da hannu ba tsohon abu ne. Tun 1961 kamfanin General Motors ya girka mutum-mutumin farko mai aiki a masana'anta, kuma a ƙarshen shekarun 1960 aka ƙera 'yar kwamfutar nan da injiniyoyi ke kira PLC, wadda har yau ita ce ƙwaƙwalwar mafi yawan injinan masana'antu. Aikinta ta karɓi saƙo daga sensa, wato 'yar na'urar da ke auna abu kamar zafi ko nauyi ko motsi, ta kunna ko ta kashe, ta buɗe bawul ko ta rufe. Sai dai a da kowane inji harkar gabansa yake yi. Abin da ya sauya, wanda Jamusawa suka raɗa wa suna juyin masana'antu na huɗu a baje-kolin Hanoba na 2011, shi ne haɗa su wuri ɗaya. Sensa ta gaya wa PLC, PLC ta gaya wa ɗakin kula, ɗakin kula ya gaya wa kwamfutocin ofis masu lissafin kaya da kuɗi, daga nan bayani ya hau intanet ya kai ga mai kamfani a wayarsa, ya kai ga waɗanda suka ƙera injin a wata nahiya. A saman wannan duka sai a ɗora manhajar da ke koyo daga tarin bayanan, wato ƙirƙirarriyar basira.

Amfanin ba ƙarami ba ne. A ɗauki boris, zoben ƙarfen nan da sandar inji ke juyawa a cikinsa: ba ya mutuwa farat ɗaya. Makonni kafin ya fashe yakan fara wata irin karkarwa da ɗan ɗumi wanda kunne da tafin hannu ba su cika kamawa ba, amma sensa na kamawa. Sai a nemo sabo a tsanake, a sa ranar canzawa, maimakon ya fashe da tsakar dare ya tsayar da layi ya kuma ci wasu sassan da ke kusa da shi. A masana'antar da mai da wuta ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin aiki, rage kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari dukiya ce babba a ƙarshen shekara. Ni ina cikin masu son ganin wannan ya yawaita a garinmu, shi ya sa ba na son a ɓoye nauyinsa. Tsohon inji abin da yake nema kaɗan ne: mai, giris, da bakaniken da ya san kukansa. Sabon kuwa kowace igiya da aka jona masa dogaro ce ga wani abu da ba ya hannun mai masana'anta: wutar da wani ke kawowa, sabis ɗin da wani ke iya kashewa, manhajar da wani ke riƙe da lasisinta, kayan gyaran da ake saye da dala.

Idan aka ce wuta, hankali kan tafi ga ɗaukewa, kuma ɗaukewar ma ta ishe mu. Sakkwato a ƙarshen layi take, wutar na tasowa daga Kainji ta sauka Birnin Kebbi sannan ta iso mu. Da gobara ta kama tashar Birnin Kebbi a Satumban 2023, da mu da Kebbi duk duhu muka shiga. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako ba wuta, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Amma ga injin zamani akwai abin da ya fi ɗaukewa cutarwa, wato wutar da ke nan amma ba lafiyayya ba. Ƙarfinta ya faɗi na ɗan lokacin da ƙwan fitila ma da ƙyar zai nuna, ko ya yi tsalle sama sa'ad da aka dawo da ita. Tsohon injin niƙa zai yi gurnani ya ci gaba. Na'urar da ke daidaita gudun injin zamani kuwa za ta kare kanta ta tsaya, kuma da yake layin a haɗe yake, tsayuwar ɗaya tsayuwar duka ce. Wuta ta ƙifta na rabin daƙiƙa, a shafe sa'o'i ana kwashe kayan da suka maƙale ana tayar da injina ɗaya bayan ɗaya. A tanderun siminti abin ya fi muni, domin in ya tsaya da zafinsa ba a ci gaba da juya shi ba, ƙarfen na iya lanƙwashewa, tubalan da aka jera a cikinsa su tsattsage.

Shi ya sa manyan kamfanoni ba sa jiran kowa. Masana'antar Kalambaina tashar wutarta gare ta, kuma tunda bututun iskar gas na AKK da ya taso daga Ajakuta a Kano zai tsaya, iskar gas da aka mayar ruwa ake ɗaukowa cikin tankoki a kan titi. Mai ƙaramin kamfanin casa ba shi da wannan ƙarfi. Shi janareta ne da dizal, da sitabilaiza da batura, ga kuɗin wutar layin Band A, wato layin masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, da ya tashi daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Sau da yawa kuɗin kare inji daga wutarmu yakan zama jari na biyu wanda ba a sa shi cikin lissafin farko ba. Akwai dai wani sauƙi ɗaya da ya kamata a riƙe. Ita ƙwaƙwalwar layin, wato PLC da sensoshi da kwamfutoci, wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. Ana iya ware mata layinta daban a kan batura da sola, abin da Allah Ya wadata mu da shi a nan, ta yadda ko manyan injina sun tsaya ita ba za ta mutu ta manta inda aka tsaya ba.

Sai zafi da ƙura. Da yawa daga na'urorin daidaita gudun inji an ƙera su ne su ba da cikakken ƙarfi a inda zafi bai wuce digiri 40 ba, in ya wuce sai a rage musu lodi. A watan Afrilu zafin inuwa ma a Sakkwato yakan zarce haka, balle cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano. Dole a sa wa akwatin na'urar sanyaya, ita ma wuta take ci, ita ma tana lalacewa. Da hunturu kuma hazo ya sauko, ƙura ta toshe matatun iska, ta kwanta a gilashin kamarar na'urar tsince, sai ta fara zubar da shinkafa mai kyau tana barin tsakuwa. Abin da ya fi haɗari shi ne, sensar da ta yi datti ko ta tsufa ba shiru take yi ba, ƙarya take faɗa, kwamfuta kuma ta gaskata ta. Kowace sensa tana buƙatar a riƙa gwada ta da ma'auni na gaskiya lokaci-lokaci ana saita ta. Inda ba a yin haka, kamfani zai tara bayanan shekara guda ya ɗora musu manhaja mai basira, ta ba shi shawarar da ba daidai ba, kuma ta ba shi ita ba tare da wata alamar shakka ba.

Akwai wata matsala da ban cika jin ana ambata ba, alhali ina ganin ta fi shafarmu. Inji mai sarrafa kansa kaya iri ɗaya yake so. Shinkafar da ke shiga kamfanin casa a nan daga hannun ɗaruruwan manoma ta fito, daga fadamun Goronyo da Wurno da Kware da sauransu. Wannan buhu irinsa daban, wancan bai gama bushewa ba, wancan kuma ya bushe har yana karyewa. Injin da aka saita wa shanshera mai danshin kashi 14 cikin ɗari, in aka zuba masa wannan gauraye, sai ya cika buhu da karyayyar shinkafa. Tsohon mai casa yakan ɗebi ƙwaya ya ciza, nan take ya san yadda zai saita. Haka fata. Fatar jar akuyar Sakkwato duniya ta san ta tun ayari na ratsa hamada da ita, amma ba fata biyu masu kama da juna, wata da tabon ƙaya, wata wuƙa ta yanke ta wajen fiɗa. Gyaran wannan ba a cikin masana'anta yake ba, a gona yake da mahauta da kasuwa: iri ɗaya a hannun manoma, ma'aunin danshi a wurin saye, da farashin da ke bambanta mai kyau da marar kyau har manomi da mahauci su ga ribar kulawa. Wanda ya sayo inji bai gyara hanyar da kaya ke iso masa ba, rabin injin ya saya.

Su ma injinan ba harshe ɗaya suke ji ba, wannan kuwa matsalar duniya ce gaba ɗaya. A masana'anta ɗaya za ka tarar da injin Jamus na shekarun 1980, da na Indiya, da sabon na China, kowanne da tsarin aika saƙonsa, wani Modbus, wani Profibus, wani kuma tsarin da kamfanin da ya ƙera shi kaɗai ya sani. An fito da ƙa'idoji irin su OPC UA don su zama tafinta, amma tsohon inji bai san su ba, sai an yi masa dashen sensa da 'yar na'urar fassara. A wurare da yawa wannan aikin jone-jone ya fi sayen injin cin lokaci.

Sabis ma ba abin da za a kwanta a kansa ba ne. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Duk tsarin da aka ce sai ya tuntuɓi wata kwamfuta a Turai kafin ya yanke shawara, bai dace da mu ba. Intanet ta zama ta aika rahoto da neman shawara, amma layi ya iya aiki ko babu ita.

Ita kuma intanet ɗin, in tana nan, ƙofa ce, kuma ba mai gida kaɗai ke shiga ta ƙofa ba. Tsarin Modbus a 1979 aka ƙirƙire shi, lokacin da ba wanda ya yi tunanin baƙo zai iya isa ga wayar, don haka asalinsa ba ya tambayar kowa kalmar sirri, duk wanda ya aika umarni inji zai bi. Kwamfutocin ɗakin kula da yawa a duniya suna kan tsohuwar Windows da aka daina yi wa gyara, ba a kuma iya sabunta su domin manhajar injin ba za ta hau sabuwa ba. A 2010 aka gano ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda ta shiga na'urorin Siemens a cibiyar nukiliya ta Natanz a Iran tana lalata injina, tana kuma nuna wa masu kula cewa komai lafiya lau. A 2017 an gano wata a wata masana'antar sinadaran mai a Saudiyya, ita tsarin da ke kare rayukan ma'aikata ta nufa. Waɗannan hare-hare ne da aka shirya wa wuri takamaimai.

Wani zai ce, to wa zai damu da ɗan kamfaninmu a Sakkwato? Amsar ita ce mafi yawan ɓarnar ba zaɓe take yi ba. Cutar NotPetya a Yukiren aka sake ta a Yunin 2017, amma ta jawo wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk asarar wajen dala miliyan 300, ta kuma tsayar da wata masana'antar cakulan a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya. A ranar 1 ga Maris 2022 Toyota ta rufe dukkan masana'antunta 14 na Japan, ba don an kutsa mata ba, sai don an kutsa wa wani kamfani da ke kawo mata kayan roba. A Satumban 2025 Jaguar Land Rover ya shafe fiye da wata guda bai ƙera mota ba a Ingila bayan an kutsa cikin kwamfutocinsa. Wani lokacin ma babu ɓarawo ko ɗaya a ciki: a Agustan 2023 Toyota ta sake tsayawa saboda rumbun ajiyar wata kwamfuta ya cika. A wurinmu hanyoyin shigar sun fi haka sauƙi. Filashin da ya zaga shagunan kwamfuta uku kafin a soka shi a ɗakin kula, manhajar sata da aka sauke don gudun kuɗin lasisi, wayar da aka jona a jikin kwamfutar inji don caji, ko ƙofar gyara daga nesa da masu girka inji suka buɗe suka tafi ba a rufe ba. Raba layin injina da layin ofis, da hana soke-soken filashi, da ajiye kwafin manhajar kowane inji a wurin da ba a haɗe yake da komai ba, duk ba su da tsada. Horo suke so da tsayawa a kai.

Labarin kamfanin alminiyam na Norsk Hydro a Nowe shi ya fi tsaya mini a rai. A Maris 2019 masu neman kuɗin fansa suka kulle kwamfutocinsa. Kamfanin ya ƙi biya, ya koma aiki da hannu da takarda da biro, har wasu ma'aikatan da suka yi ritaya suka dawo saboda su suka san yadda ake tafiyar da aiki ba kwamfuta. Abin tambaya shi ne, masana'antar da aka gina jiya, wadda ba ta taɓa aiki da hannu ba, wa za ta kira?

Kafin a zo ga mutane, akwai maganar kuɗi da kayan gyara, kuma nan ne ƙananan kamfanoni suka fi durƙushewa. Masu gyaranmu gwanaye ne. Kwayil ya ƙone su naɗa sabo, ƙarfe ya karye su walda ko su ƙera madadinsa. Amma katin lantarki mai ɗauke da manhaja a kulle ba ya naɗuwa, ba ya walduwa. Sai an yi oda, a biya da dala, ya sauka Legas ko Kano, ya bi ta kwastan, sannan ya kamo hanya, layi kuwa yana tsaye ana biyan albashi. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya yi lissafin kayan gyara da kuɗin lasisin shekara a kan tsohon farashi sai ya ga nauyin ya ninka sau uku alhali cinikinsa da naira ne. A shekarun 2021 da 2022, da aka yi ƙarancin ƙananan sassan kwamfuta a duniya, hatta kamfanonin Turai sun yi watanni suna jiran PLC ɗaya, kuma a irin wannan layi ba mu ne a gaba ba. Sannan ga kalmar sirri. Masu ƙera injina da yawa sukan kulle manhajar, su ce duk wanda ya taɓa garanti ya faɗi. Suna da hujjarsu, ba sa son a kwafe musu fasaha ko a yi gyaran da zai raunata wani. Amma ga mai masana'anta, ya sayi doki ne linzami na hannun wanda ya sayar masa. Matsalar da yaronsa zai warware cikin minti goma sai ta jira injiniya daga wata ƙasa, da kuɗin jirgi da masauki, in ma ya yarda ya zo.

To, mutane. Tun 1983 wata masaniya 'yar Birtaniya, Lisanne Bainbridge, ta bayyana wani abu da har yau bai tsufa ba. Inji yakan karɓe sassan aiki masu sauƙi ya bar wa mutum masu wuya, wato lokacin da komai ya rikice. Amma mutumin da ya shafe watanni yana kallon allo ba ya taɓa komai, hannunsa ya yi sanyi, kuma a ranar da aka fi buƙatar gwanintarsa ne za a tarar ta dushe. Ke nan masana'anta mai sarrafa kanta ba ƙarancin gwaninta take nema ba, ƙari take nema, kuma irin wadda ba ta da yawa: mutum ɗaya da ya san lantarki, ya san ƙarfe, ya san manhaja, ya kuma san siminti ko shinkafar da ake sarrafawa. A 2018 Elon Musk da bakinsa ya amsa cewa cika injina fiye da kima a masana'antar Tesla kuskure ne, ya ce an raina amfanin mutum. Wannan kuwa a Kalifoniya ne, inda injiniyoyi suke jibge.

Muna da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, muna da shirin SIWES da ke tura ɗalibai masana'antu. Harsashi yana nan. Abin da wannan fanni ke so shi ne hannu. Ɗalibi ya taɓa PLC, ya rubuta mata umarni, ya yi kuskure ya ga injin gwaji ya tsaya, ya nemo dalili da kansa. 'Yar ƙaramar PLC ta koyarwa ba ta kai kuɗin babur ba, kuma kamfanin da ya ajiye goma a ɗakin gwajin wata makaranta kansa ya yi wa tanadi. Ina kuma ganin kuskure ne a tsallake tsofaffin bakanikai a nemi masu digiri kaɗai. Wanda ya yi shekara ashirin yana jin kukan inji, in aka koya masa karanta allo, ya fi saurin gane cewa sensa ƙarya take yi, domin kunnensa na gaya masa wani abu daban. Matsalar da ke biyo baya ita ce riƙe wanda aka horar. Da zarar yaro ya ƙware, Legas na kiransa, Fatakwal na kiransa, ƙasashen Larabawa na kiransa. Ba wa'azi ke tsayar da shi ba, albashi ne da mutunci da ganin gaba.

Tsoron rasa aiki gaskiya ne, bai kamata a shafa masa mai ba. Injin da ke cika buhu ya ɗinke ya jera a mota abincin 'yan dako yake tsayawa a kai, kuma ɗan dakon da aka sallama ba shi ne zai zama injiniyan ɗakin kula ba. A jihar da matasa suka yi yawa, aiki ya yi kaɗan, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sai dai a tuna masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano. Ba mutum-mutumi ya rufe su ba. Rashin wuta ne, da tsofaffin injina, da kayan waje masu araha da suka cika kasuwa, dubban ma'aikata suka koma gida. Ƙin sabuntawa ma yana cin aiki, kuma shi gaba ɗaya yake cinyewa.

Lissafinmu dai ba irin na wasu ba ne. A 2023 mutum-mutumin da ke aiki a masana'antun duniya sun haura miliyan 4, kusan rabin sababbin da ake girkawa duk shekara a China ne, Koriya ta Kudu kuma tana da fiye da 1,000 ga kowane ma'aikata 10,000. Can albashi na da tsada, matasa na raguwa. Nan mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, inji kuwa da dala ake sayensa da bashi mai kuɗin ruwa mai nauyi. Sayen mutum-mutumi don kawai ya maye gurbin hannu a Sakkwato sau da yawa asara ce ko a takarda. Inda fasahar ke biyan kuɗinta a wurinmu shi ne inda hannu ba ya iyawa: cikin wuta da ƙura mai cutar da huhu, tsince ƙwayoyi dubbai a daƙiƙa, auna mai da wuta don a ga inda suke zurarewa, tabbatar da cewa buhun yau daidai yake da na jiya. Mai matsakaicin kamfani da ya fara da mitoci da 'yan sensoshi a kan injinan da yake da su, ya shekara yana karanta abin da suke faɗa, zai san da hujja wane sashe ya cancanci sabon inji, wane ne kuma gyaran tsari kawai yake so.

Ranar da aka kai ga sayen, a takardar yarjejeniya ake cin nasara ko a faɗi, tun kafin kwantena ta taso. A rubuta cewa kalmar sirri da kwafin manhaja da zanen wayoyi mallakar mai saye ne. A rubuta zafin da injin zai jure da irin wutar da zai tarar, da adadi, ba da fatar baki ba. A haɗo katunan da suka fi saurin ƙonewa cikin kaya ɗaya. Ƙofar gyara daga nesa ta zauna a rufe, mai masana'anta ne zai buɗe in ya buƙata ya kuma rufe. Ma'aikatan gida su tsaya tare da masu girkawa tun daga kwance akwati, ba a kira su ranar buɗewa ba. Sannan a ranar miƙa aiki a yi gwaji a gaban kowa: a zare wayar intanet, a kashe wuta a dawo da ita, baƙin injiniyoyi su koma gefe su naɗe hannu, ma'aikatan gida su tayar da layin da kansu. In bai tashi ba, kason ƙarshe na kuɗin ya zauna har sai ya tashi.